Ƙarshen Mayu a tsaunukan Alps: mashigan da ake rufewa da waɗanda ke buɗe duk shekara

Ɗan'uwa, ka ce za ka ɗauki motar haya a Suwizalan a makon ƙarshe na Mayu, ka bi mashigan tsauni na Furka da Grimsel da Susten, sannan ka shiga Italiya ka hau na Stelvio, kana tambaya ko ka kama ɗakunan kwana a kan wannan tsari. Kada ka kama tukuna. Bari in ajiye maka hanyoyi biyu kusa da juna ka gani.

Hanyar da ka zaɓa ita ce ta mashigan da ake rufewa tun shigowar hunturu. Furka na da tsayin mita 2,429, Grimsel 2,164, Stelvio kuwa 2,757, da kwanoni, wato lanƙwasoshin titi, 48 a gefensa na arewa. Ban ga laifinka ba da ka kwallafa rai a kansu, domin sun cancanta. Matsalar ita ce babu wanda ya isa ya ba ka ranar buɗe su tun yanzu. Galibi Stelvio da Grimsel sukan buɗe tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Yuni, Furka a farkon Yuni, Susten kuma yakan kai cikin Yuni sosai. Mutane da yawa suna zaton da zarar motocin share dusar ƙanƙara sun kai ƙololuwa an gama. Ba haka ba ne. Ana iya share titi tas, amma dusar da ta taru a gangaren da ke samansa tana nan, kuma zafin ranar Mayu ne ke sassauta ta har ta zaftaro. Sai hukumar jihar ta gamsu cewa wannan haɗari ya ragu, an mayar da shingayen gefen titi da aka cire, an kwashe duwatsun da suka faɗo, kafin a ɗaga ƙarfen. Ko bayan an buɗe, dusar dare ɗaya na iya sa a sake rufewa.

Abin da ya fi damuna da tsarinka shi ne mashigai huɗu ka jera, kowane ya dogara da na gabansa. Idan Furka ne kawai a rufe, da sauƙi: akwai jirgin ƙasa mai ɗaukar motoci daga Realp zuwa Oberwald ta ƙarƙashin dutsen, tafiyar kusan kwata ɗin awa. Idan Grimsel ne, sai ka zagaya zuwa Kandersteg ka hau jirgin Lötschberg zuwa Goppenstein. Susten ba shi da irin wannan gata, sai ka koma ta Brünig ka zagaye tafkin Luzern kafin ka kai Wassen. Stelvio kuma idan yana rufe, kada ka sa rai da Umbrail da ke maƙwabtaka da shi. Daga Bormio sai ta Livigno da ramin Munt la Schera, mai hannu ɗaya kuma na biyan kuɗi. Duk wannan zagaye na nufin yinin da ka ware don kallon tsauni zai ƙare a layin jiran jirgi.

Hanya ta biyu ita ce ta mashigan da ake kula da su duk shekara: Simplon daga Brig zuwa Domodossola, Maloja daga Chiavenna zuwa St. Moritz, Bernina zuwa Tirano, Julier zuwa ɓangaren Chur, da Ofen. Kada ka ɗauka ƙanana ne. Bernina mita 2,328 ne, Julier 2,284, duk sun fi Grimsel tsayi. Abin da ya sa ba a rufe su shi ne jama'ar kwarurrukan nan da su suke rayuwa, don haka ake share su kullum, Simplon ma an yi masa rumfunan kankare a wuraren da dusar ke zaftarowa. A ƙarshen Mayu za ka ga fari fat a gefen tafkin Lago Bianco a saman Bernina, ka gangara Poschiavo ka tarar da ciyawa kore shar. Gaskiya titin Simplon faffaɗa ne, manyan motoci na binsa, ba zai ba ka abin da kwanonin Stelvio za su ba ka ba. Amma Maloja na da nasa kwanonin masu kaifi, kuma za ka kwana a inda ka biya.

Ni da ni ne, da na gina tafiyar a kan ta biyu, in bar ta farko a matsayin ƙari. Ka yi kwana biyu a garin Andermatt, domin mashigin Oberalp da ke kusa da shi yakan riga sauran buɗewa, mashigin Gotthard ma galibi yana buɗewa a cikin Mayu, Furka kuma yana bakin ƙofa idan an dace. Kowace safiya ka duba shafin TCS, ƙungiyar masu motoci ta Suwizalan, na halin da mashigai ke ciki kafin ka tayar da mota, domin taswirar waya wani lokaci takan makara wajen nuna rufewa. Ka tambayi kamfanin haya irin tayar da ke kan motar, don a Mayu yawanci ta bazara ce, kuma ka tabbata akwai shaidar biyan kuɗin manyan tituna ta faran 40 na Suwizalan. Ka kauce wa ramin Gotthard a hutun Kiristoci na Hawan Almasihu da Fentikos, cunkoso yakan yi tsawon kilomitoci.

Idan kuma Furka da Susten da Stelvio su ne ainihin dalilin tafiyar, to ka ɗaga ta zuwa rabin ƙarshe na Yuni. A lokacin galibi duk sun buɗe, kuma cunkoson Yuli da Agusta bai kankama ba.