Abin da canjin birkin gaba ya ci mini a Nissan 350Z

Motar da nake magana a kanta Nissan 350Z ce ƙirar 2005, mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda aka shigo da ita ta hannu daga Amurka, kuma tana cikin nau'in da kamfanin ya sanya wa suna Track, wato wanda ya fito daga masana'anta da birki mai ruwan zinariya na Brembo, wani kamfanin ƙera birki. Na canja mata fad, wato abin da ke matse faifan birki idan an taka, da shi faifan kansa, na tayoyin gaba biyu a Abuja, na haɗa da sabon man birki, kuma da na tattara lissafi sai na ga kuɗin ya kusa naira miliyan ɗaya. Na ga ya dace in bayyana inda kowace naira ta tafi, domin matasa da yawa suna sha'awar irin waɗannan motoci masu gudu, suna duba kuɗin saye kawai, ba sa tambayar abin da zai biyo baya ranar da birki ya cinye.

Alamar farko wata siririyar ƙara ce da take fitowa daga tayar gaba idan ina tafiya a hankali, wadda daga baya na fahimci cewa ɗan ƙarfen gargaɗi ne da ke jikin fad yake gogar faifai, domin wannan motar ba ta da wayar lantarkin da ke kunna fitila a gaban direba kamar yadda motocin Jamus da yawa suke da ita. Alama ta biyu ta fi tayar mini da hankali, domin duk lokacin da na taka birki ina cikin gudu a babbar hanya sai sitiyari ya kama rawa a hannuna. Ba abin mamaki ba ne birkin gaba ya riga na baya ƙarewa, saboda idan aka taka birki nauyin mota yana rinjaya gaba ne, har tayoyin gaba su ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na aikin tsayar da ita. A mota mai injin lita 3.5 da silinda shida, mai ƙarfin doki kusan 300 da nauyin da ya kusa tan ɗaya da rabi, wannan aiki ba ƙarami ba ne, kuma duk gudun da aka kashe zafi yake komawa a jikin faifai.

Abin da ya fara sa na amince da bakaniken da ya yi mini aikin shi ne bai yanke hukunci da ido ba. Ya cire taya, ya ɗauko ma'aunin kaurin ƙarfe, ya auna faifan a wurare daban-daban, sannan ya goge tsatsar da ke gefensa ya nuna mini lambar da masana'anta ta buga, wadda ke faɗin iyakar sirantar da aka yarda faifan ya kai. Faifan Brembo na gaban wannan mota faɗinsa milimita 324 ne, kaurinsa kuma milimita 30 yana sabo, tazarar da ke tsakanin sabo da wanda ya ƙare kuwa ba ta wuce milimita 2 ba. Nawa ya riga ya isa bakin iyaka. Na tambaye shi ko za a iya kai shi wajen masu injin sassaƙa ƙarfe a kankare fuskarsa, kamar yadda ake yi wa faifan motoci da yawa a garin nan, sai ya ce: “Yallaɓai, idan aka kankare shi rawar za ta ɗauke na ɗan lokaci, amma naman ƙarfen da zai sha zafi ya tafi, kuma ni ba zan ɗaura shi a motar da ke gudu irin wannan ba.” Na ga gaskiyarsa, domin siririn faifai yana saurin ɗaukar zafi, yana kuma iya tsagewa.

Neman kayan ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne nake ganin mutane suka fi yin asara. Sunan 350Z kaɗai bai isa a saya mata birki ba, saboda motocin da ke ɗauke da wannan suna birkinsu ba iri ɗaya ba ne. Waɗanda aka ƙera daga 2003 zuwa 2005 ba tare da Brembo ba faifansu na gaba milimita 296 ne, daga 2006 kuma ya koma 320, na Brembo kuwa 324 ne, kuma kalifarsa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana danna shi a jikin faifai, mai fistin huɗu ce da aka ɗaure a wuri ɗaya, ba mai zamewa ba. Mai shago zai ji sunan motar ya miƙo maka kwali da zuciya ɗaya, alhali abin da ke ciki ba zai ma shiga ba. Abin da ya taimake ni shi ne lambar siffar fad ɗin, wato D960, da kuma sanin cewa Infiniti G35 mai ƙofa biyu ta 2003 da 2004, nau'inta da ya zo da Brembo, fad ɗaya suke amfani da shi da wannan mota. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana da amfani, amma mota ce da ta bi hannaye da dama kafin ta iso gare mu, don haka ya fi kyau mutum ya leƙa ta cikin wili ya ga abin da ke ɗaure da idonsa.

An bincika mini a kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja, an kuma yi waya zuwa Ladipo a Legas da Ƙofar Ruwa a Kano. Kasuwanni ne masu cike da kaya, amma abin da ya fi yawa a cikinsu na Toyota da Honda ne da sauran motocin da jama'a suke hawa, kuma ba laifin 'yan kasuwa ba ne idan ba su ajiye kayan motar da ba kasafai ake neman nata ba. An samo mini faifai na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga wata motar, da farashi mai sauƙi, sai dai da aka auna shi bai fi nawa kauri da wani abin kirki ba. An kuma kawo fad a cikin kwali mai ɗauke da babban suna, amma farashinsa ya yi arhar da ta sa na yi shakka, rubutun jikinsa ya dushe, kuma babu ƙananan farantan bayansa da ke hana ƙara. Na mayar da shi. A kayan mota akwai wuraren da mutum zai iya lallaɓawa da na jabu ya ci gaba da tafiya, amma birki ba ya cikinsu, domin ranar da zai nuna halinsa ita ce ranar da babu damar gyara.

Daga ƙarshe sai na yi odar kayan daga Amurka ta hannun masu jigilar kaya ta jirgin sama. Fad na gaba, mai haɗin ƙarfe, daga wani sanannen kamfani, ya tsaya mini a kan dala 120. Faifai biyu sun ci dala 260, kuma na zaɓi masu sumul da ramukan iska a tsakiya, na bar masu huji-huji a fuska duk da kyansu a ido, saboda tsagewa takan fara ne daga bakin hujin idan zafi ya yi yawa. Abin da ban ga mutane suna sanyawa a lissafi ba shi ne kuɗin ɗauko kayan. Faifan birki zunzurutun ƙarfen zubi ne, guda biyun da kwalinsu sun kai kilo 20, masu jigila kuma da nauyi suke caji, don haka na biya kusan dala 220 kafin kayan su iso hannuna. Ke nan ɗauko faifan ya kusa cin kuɗin sayensa. A lokacin dala tana wajen naira 1,500, saboda haka dala 600 ɗin nan ta zama naira 900,000 tun ba a taɓa motar ba. Da a ce kafin watan Yuni na 2023 ne, lokacin da Babban Bankin Najeriya bai saki naira ta nemi farashinta a kasuwa ba, da kayan nan ba su yi kusa da wannan adadi ba. Duk mai riƙe da irin wannan mota a ƙasar nan ya sani cewa da dala yake kula da ita, ko da kuwa da naira yake samun abincinsa.

Kuɗin aiki naira 40,000 ne, man birki kuma ya ci kusan 30,000. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar kaso a lissafin, amma a ganina shi ne ya tsare sauran kuɗin daga tafiya a banza. Cire fad a irin wannan kalifa ba shi da wahala, domin fil biyu ake bugewa a zare farantin da ke danne su, sai fad ya fito ta sama. Inda gwaninta take shi ne abin da ke biyo baya. Bakaniken ya wanke bakin fistin huɗun kafin ya mayar da su ciki a hankali, ya duba robobin da ke kare su daga ƙura, ya rataye kalifar da waya don kada nauyinta ya ja tiyon mai, sannan ya zauna ya goge tsatsar da ke kan mazaunin faifai har ƙarfen ya yi fes. Ya bayyana mini cewa ɗan datti kaɗan a wannan wuri yana sa sabon faifai ya zauna a karkace, bayan 'yan watanni kuma rawar sitiyari ta dawo, mai mota ya ɗora wa kayan laifi. Da ya zo ɗaure taya bai sa yaro ya hau kan sifana da ƙafa ba, ya yi amfani da sifana mai ma'auni, ya ɗaure notocin a gicciye zuwa awon da littafin motar ya faɗa. Wannan kulawa ce ta sa ban nemi ragi a kuɗin aikinsa ba.

Batun man birki ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa ƙari kawai suke yi idan ya ragu, ba sa taɓa zubar da tsohon. Man birki yana shan danshin iska a hankali, kuma ruwan da ya shiga cikinsa yana rage zafin da zai iya jurewa kafin ya tafasa. Nau'in man da ake kira DOT 3 yana sabo ana buƙatar ya jure digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuma 230, amma idan sun sha ruwa ma'aunin yana sauka zuwa 140 da 155. Idan man ya tafasa sai kumfa ta taru a cikin tiyo, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse babu abin da ya kama. Wanda aka zuƙe daga motata ya yi baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta. An zuba DOT 4, wanda yake jituwa da DOT 3, saɓanin DOT 5 mai silikon da ba a haɗa shi da su. Kowace kalifar Brembo ta wannan mota tana da bakin fitar da iska guda biyu, na ciki da na waje, kuma wanda bai saba da ita ba yakan buɗe na waje kawai ya bar iska a ɗaya ɓangaren.

Bayan an gama mun fita wata hanya marar cunkoso domin fad ya zauna da faifai. Ana ɗaukar matsakaicin gudu ne a taka birki da ɗan ƙarfi har motar ta kusa tsayawa, a sake ɗaukar gudu a maimaita sau da dama, sannan a yi tafiya mai ɗan nisa ba tare da taɓa birki ba har ƙarfen ya huce. Ba a tsayawa cak da ƙafa a kan birki yana da zafi, saboda fad yakan bar tabo a wuri ɗaya.

Sakamakon ya gamsar da ni. Rawar sitiyari ta ɗauke baki ɗaya, birkin yana kamawa tun daga saman taku, kuma ƙarfin kamunsa yana ƙaruwa daidai da yadda na danna, ba ya fizga. Inda na fi gane bambancin shi ne gangaren Hawan Kibo a hanyar dawowa daga Jos, wurin da duk direban da ya san shi yake shiga da addu'a. Na sauko da ƙaramar giya kamar yadda ya kamata, ina taɓa birki lokaci-lokaci a bayan manyan motoci, kuma har na iso ƙasa takun bai yi laushi ba, ban kuma ji warin ƙuna ba.

Akwai abubuwa biyu da mai niyyar sayen fad mai haɗin ƙarfe ya kamata ya sani. Yana zubar da baƙar ƙura a kan wili, wadda idan ta haɗu da ƙurar hunturu sai wilin gaba ya yi duhu cikin 'yan kwanaki, kuma da sassafe, musamman bayan ruwan sama, yakan yi 'yar ƙara a taku na farko da na biyu kafin ya ɗumama. Fad na seramik ya fi tsabta da shiru, kuma wanda yawancin tafiyarsa cikin gari ce zai fi jin daɗinsa, amma ni na fifita wanda ya fi jure zafi saboda ina yawan bin doguwar hanya. Ga wanda faifansa bai kai iyaka ba tukuna, hanyar rage kuɗi ita ce ya sa a auna shi tun yanzu, ya yi odar sabo ta jirgin ruwa ko da zai ɗauki watanni, tunda kuɗin jirgin sama ne ya fi kumbura lissafin. Haka nake shirin yi da faifan baya, waɗanda aka auna a ranar aka ga suna da sauran kauri, amma fad ɗinsu ya wuce rabi.