Zaɓen fid da gwani a Katsina: bayan wa za ka tsaya?

A jihar nan yawancin kujeru tun a wurin fid da gwani ake gama da su. Wanda ya ga 2015 ba ya bukatar a yi masa bayani. Da Buhari ya ce a yi sak, kusan duk wanda ke riƙe da tikitin APC guguwa ta ɗauke shi ta dire a majalisa, an san shi ko ba a san shi ba. Kujerar gwamna kuwa shekara 16 tana hannun PDP, daga Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa a 1999 zuwa saukar Ibrahim Shema a 2015. A 2023 an ɗan ga sauyi, Atiku ya ci jihar da 'yar tazara a zaɓen shugaban ƙasa alhali APC ta kwashe sanatoci uku da kujerar gwamna, amma duk da haka mai zaɓe abin da jam'iyya ta ajiye masa a faranti shi yake ɗauka. Saboda haka in kana da katin jam'iyya, ko kai deliget ne, wato wakilin 'yan jam'iyya da ke jefa ƙuri'a a fid da gwani, abin da ke hannunka ya fi ƙuri'ar ranar babban zaɓe nauyi, kuma bai kamata ka yi cinikin biri a sama da shi ba.

Fara da sanin abin da mutumin ya kashe kafin ya iso ƙofar gidanka. A 2022 fom ɗin neman gwamna a APC naira miliyan 50 ne, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. A PDP na gwamna miliyan 21. Wannan kuɗin takarda ne kawai, ba a zo ga motoci da fasta da sallamar dattawan mazaɓa ba. Tambaya ta farko ke nan: wa ya saya masa? In an ce "matasa ne suka yi karo-karo", ka yi murmushi ka ci gaba da bincike, don wanda ya biya fom shi ake fara saurara bayan rantsuwa.

Sai ka auna alkawarin da kujerar. Nan ne 'yan takara da yawa ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. Ɗan majalisa doka yake yi, ya sa hannu a kasafi, ya bi diddigin yadda ma'aikatu ke kashe kuɗi, sai kuma ayyukan mazaɓa da ake saka masa a kasafin. Ba shi da sojan da zai tura daji, ba shi ke biyan albashin malamai ba. Gwamna ma, duk da ana kiransa shugaban tsaron jiha, 'yan sanda da soja na tarayya ne, daga Abuja suke karɓar umarni. Mai neman majalisar jiha da ya ce maka zai buɗe iyakar Kongolam ko ya sauko da farashin fetur, ko dai bai san aikin da yake nema ba, ko ya ɗauka kai ne ba ka sani ba.

Masu kawo maganar tsaro a gaba su ne suka fi yawa, kuma ba laifinsu. Mutumin Batsari ko Safana ko Jibiya ko Faskari, wanda ya shekara bai taka gonarsa ta bakin dajin Rugu ba, in ya ce ba ya son jin komai sai tsaro, da gaskiyarsa. Ƙanƙara ba ta manta Disambar 2020 ba, ranar da aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya. Abin da ya kamata shi ne kada ka bar ɗan takara ya tsaya a "za mu magance matsalar da yardar Allah". An riga an gwada hanyoyi, shi wacce ya ɗauka? Gwamnatin Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ta sake a 2019, duka biyun suka warware. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. Gwamna Dikko Radda ya kafa rundunar tsaron al'umma a Oktobar 2023, daga baya kuma wasu ƙananan hukumomi suka zauna nasu sulhun da hannunsu. To malam, kai sulhu ko yaƙi? In sulhu ne, da wane sharaɗi, wa zai karɓi makamai, me za a yi wa wanda aka kashe wa uba? In yaƙi ne, da kuɗin wa za a riƙa biyan askarawan, kuma wa zai hukunta su ranar da suka wuce gona da iri? Wanda ya ba ka amsa ɗaya a Ɗanmusa ya ba da wata a Katsina birni, ka ajiye shi gefe.

Mai rabon babura da keken ɗinki da buhun shinkafa ba shi da manufa, kaya yake da su. Mai cewa zai cika jihar da masana'antu, ka tambaye shi da wace wuta, in ya ambaci dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar kafa nasu tsarin to ka ƙara ba shi minti biyar, in bai san da ita ba ka sallame shi. Wanda kuma duk jawabinsa "mai girma ne ya ce in fito", manufarsa tana aljihun mai girman, can za ka je ka tambaya.

Ni dai, ba na ɓoyewa, ɗan takarar da ke maganar ruwa shi ne nawa. A nan ƙasar Daura damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba an gama. Da an kai gero da wake rumbu, sai ka ga tasha ta cika da samari masu buhu a kafaɗa, wannan Legas, wancan Fatakwal, wani Abuja, acaɓa da ga-ruwa da yankan farce. Wata bakwai ko takwas gari ba maza. Alhali ruwan yana nan kwance: ga dam ɗin Sabke kusa da mu, ga Daberam, ga Zobe a Dutsin-Ma da aka gama tun farkon shekarun 1980, ga na Jibiya, ga Ajiwa. Abin da ya hana su ciyar da jama'a yadda ya kamata ba ɓoyayye ba ne. Magudanan da za su kai ruwa gona wasu ba a ƙarasa su ba, wasu yashi ya cike su. Manomin da ya dogara da injin ban-ruwa kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 yake kuka, litar da yake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Wanda ke ba kadada guda ruwa ya koma rabi.

Abin da ya sa nake son irin wannan ɗan takara, maganarsa ana iya kama ta da hannu. Dam yana da suna, magudana tana da tsawo, gona tana da mai ita. In ya yi ƙarya, shekara ɗaya ta isa a gane. Kuma maganar tana tona wanda ya yi karatun kujerarsa. Zobe da Jibiya suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sokoto-Rima, ta tarayya ce. Ke nan mai neman sanata ko majalisar wakilai yana da abin yi kai tsaye, ya sa kuɗin gyara a kasafin hukumar, ya bi ya ga an saki kuɗin, ya kira shugabanninta gaban kwamiti in aiki ya tsaya. Mai neman gwamna kuwa sai ya faɗi yarjejeniyar da zai ƙulla da tarayya, da abin da jiha za ta ɗauka: injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ƙananan rijiyoyin fadama, malaman gona, hanyar fito da kaya.

Na taɓa zama a wani zaure inda wani mai neman majalisa ya zo gaida dattawan mazaɓa. Bayan an yi addu'a an raba goro, wani tsohon manomi da ke jingine da bango ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji za ka ba mu ruwa. To in mun noma tumatir ya nuna rana ɗaya, kwando ya koma kuɗin mota, wa zai saya?" Yaran ɗan takarar suka fara hararar tsohon. Shi kuwa ya ɗaga musu hannu, ya ce, "Baba, gaskiya ba ni da kamfanin da zan kawo muku. Abin da na gani shi ne kada kowa ya zuba tumatir. A raba, wasu albasa tunda tana ajiyuwa, wasu alkama, wasu tattasai a shanya." Ya kawo zancen tsutsar da ta cinye tumatir a Arewa a 2016, ya ce wanda ya zuba jarinsa duka a abu ɗaya ita ta fi kayarwa. Bai yi alkawarin komai mai girma ba, amma an tashi kowa ya san mutumin ya taɓa tsayawa a bakin fadama. Irin wannan nake nema. Na san akwai mai cewa ilimi da asibiti fa? Suna nan, kuma wanda ya san cewa kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ba sa fitowa sai jiha ta zuba nata kason ya cancanci a saurare shi. Sai dai yaron da ake kaiwa asibitin tamowa, yunwar gidansu ce ta fara kai shi, kuma uban da ke Legas rabin shekara ba shi zai tsare ɗansa a aji ba.

Wanda nake so ka fi yi wa kaffa-kaffa shi ne mai alkawarin aikin gwamnati. Zai ce yana da gurabe a kwastam, a shige-da-fice, a wannan hukuma da waccan, yana hawa zai raba wa mazaɓu. Shi kansa ba zai nemi sisinka ba. Yaransa ne za su biyo dare da fom, su ce gurbin ya kusa ƙarewa, a kawo na "bin takarda". Ɗan ƙanwata haka aka yi masa. Uwarsa ta sayar da tumakinta biyu da take kiwo don sallah, aka kawo takardar ɗaukar aiki a cikin leda, da tambarin gwamnati a sama, da hatimi ja, da sa hannu mai lanƙwasa. Har walima aka yi. Yaro ya ɗinka sabbin kaya ya hau mota zuwa Abuja, mai gadin ofishin ya dubi takardar ya ce masa shi ne na wajen nawa da suka zo da irinta a makon. Da aka koma wa ɗan takarar sai ya ce bai san yaron da ya karɓi kuɗin ba, alhali a motarsa yake yawo. Aikin tarayya na gaskiya ana tallarsa a fili, ana cikewa a shafin hukumar a intanet, ba a biyan ko kwabo. Duk takardar da ta zo ta hannun ɗan siyasa ana gobe fid da gwani, ka ɗauke ta ta bogi har sai ka ga albashi ya shigo.

Kuma ba nan cutar ta tsaya ba. Akwai babur ɗin da ake jerawa a fili a ɗauki hoto, kowa ya riƙe makulli, da 'yan jarida sun tafi a mayar da rabi cikin tirela. Akwai rijiyar burtsatse da gwamnati ko wata ƙungiya ta haƙa, a zo a shafa mata fenti a kafa allo da hoton Honarabul. Akwai ɗan takarar da bai fito don ya ci ba, ya sayi fom ne don ya raba ƙuri'ar wani ko a biya shi ya janye. Alamarsa fasta da yawa, ofis babu, kuma ba ya taɓa sukar babban da ake zaton shi ya tsayar da shi. Akwai takardar manufofi mai sheƙi da aka kwafo daga wata jiha, in ka duba da kyau ba Mai'aduwa ba Baure ba Zango a cikinta, ba sunan gari ko ɗaya. Sojojin baka na rediyo da 'yan Facebook da ake saya wa data kuwa, yabonsu na haya ne, gobe in wani ya ƙara musu za ka ji sun juya. Wanda ke yawo da ƙauraye a bayan mota yana gaya maka zai kawo zaman lafiya, ka dubi motar, kada ka dubi bakinsa.

In da deliget ake zaɓen kuma, shi ake fi farauta. Za a kwashe ku a kai otal a Katsina ko Kano, a karɓe wayoyi, a kawo ambulan, wani wurin har a fito da Alƙur'ani a ce ka dafa. Kada ka dafa. Kuɗin mako biyu ne za su ƙare, mutumin kuma shekara huɗu ba zai ɗaga wayarka ba, don a lissafinsa ya biya ka tun a otal. In 'yar tinƙe ce, wato ƙato bayan ƙato, cutar tana wajen rajistar 'yan jam'iyya da wajen ƙirga: a tsallake mutane a layi, ko a rubuta sakamako a gidan wani tun kafin rana ta fito. Ku tsaya a ƙirga da ƙarfi, wakilin ɗan takararku ya ɗauki hoton takardar sakamakon mazaɓa kafin ta bar wurin, ku kuma tabbatar jami'an INEC sun halarta.

Sai masalaha, wato a tsayar da mutum ɗaya ba tare da an yi zaɓe ba, wadda ita ce aka fi fakewa da ita yanzu. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce ba a kiran abu masalaha sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta da hannunsu cewa sun janye sun goyi bayan mutum ɗaya. In ɗaya ya ƙi, a koma zaɓe. In an tara ku a ɗaki an karanto suna an ce a yi kabbara, ku nemi ganin takardun janyewar. Wasa da wannan yana da tsada, kuma mun gani a gida. A 2011 jam'iyyar CPC ta Katsina ta fito da jerin 'yan takara biyu, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wasu da suka riga suka shiga majalisa aka karɓe musu takardar shaidar cin zaɓe. A maƙwabciyarmu Zamfara kuwa, a Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin fid da gwani ba, ta soke ƙuri'unta gaba ɗaya, kujerar gwamna da na 'yan majalisa suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu.