Daren shara a wata sabar Rust, daga Jidda

Duk mai buga Rust, wasan kwamfuta na neman tsira da ake bugawa da mutane a intanet, ya san Alhamis ta farkon wata. Ran nan kamfanin Facepunch ke sakin sabuntawa, dole kowace saba, wato kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta, ta share taswirarta, gidaje da makamai da duk abin da aka tara su tafi. A nan Saudiyya abin yana faɗowa wajen tara zuwa goma na dare, ga shi Juma'a ba aiki. Na rufe shago bayan isha'i, na sayi mutabbaƙ a hanya, na kunna kwamfuta tana sauke sabuntawar ina cin abinci.

Sabar da muka gwada wannan karon a Turai take, ta 'yan uku-uku ce, ba a yarda ƙungiya ta wuce mutum uku ba. Wannan dokar ce ta ja ni. Ni ne, da ƙanena da ke karatu a Madina, da wani abokinmu Bahaushe haifaffen Makka. Sai da muka yi kusan minti ashirin a layi kafin mu shiga.

Ka farka a bakin teku, dutse ɗaya a hannu da sandar wuta, shi ke nan. Kafin komai, shawarata ka shiga saiti ka kunna abin da ke rufe tsiraici, don wasan tsirara yake ajiye mutum. Abin da nake so da wannan daren shi ne kowa haka ya farka. Wanda ya yi awa dubu biyar a wasan da wanda jiya ya saya a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, duk dutse suke bugawa a jikin bishiya. Wannan sabar har ilimin ƙera makamai take sharewa duk wata, saboda haka awa uku na farko ba ka jin bindiga sai jefi-jefi, kwari da baka ne da mashi.

Na tsinci rama ta ishe ni ƙyalle 30, na ɗinka shimfiɗa, wadda mutum ke farkawa a kanta in an kashe shi, na ajiye wa ƙanena a bayan wani dutse. Sau biyu ana kashe shi kafin ya iso. Sai ji nake a Discord, manhajar da muke magana ta ciki, "Yaya, ga wani da mashi a bayana, Yaya tsaya mini!" Da muka haɗu muka tara itace 1,000 na kabad, wanda in ba shi gidanka ba naka ba ne, kowa zai iya gini a jikinsa, kuma zai ruɓe. Ɗaki biyu muka yi da ɗan zaure mai ƙofa biyu, yadda ko an harbe ka a bakin ƙofa ba za a faɗa ciki kai tsaye ba. Wajen ƙarfe ɗaya muka mai da bangon dutse. Murhu ne ya wahalar da mu, don ƙera shi yana cin mai 50, sai da muka kashe barewa da beyar muka sami kitsen da ake yin man da shi. Lokacin da ƙarfen farko ya narke muka sa ƙofar ƙarfe, mu uku muka yi shiru muna jin ƙarar wutar. Wallahi na ji daɗin wannan lokacin.

Jinkirin intanet daga Jidda yana tsayawa wajen milisakan 90, ana iya faɗa da shi. Masu kula da sabar ma ba barci suke ba: mun kai ƙarar wasu mutum biyar da ke yawo tare, cikin rabin awa aka kore su. A Outpost, wani wuri a wasan da ba a yarda da faɗa ba, muka riƙa niƙa tarkace lafiya. Bandit Camp kuwa, wani wurin irinsa, akwai cacar juya ƙafa a ciki, mu ba ma zuwa wajenta.

Inda sabar ta ba ni haushi shi ne ba ta da wata kariya ga wanda ba ya kan layi. Mun yi asuba muka kwanta, muka je Juma'a, muka dawo muka tarar an fasa mu. Jakar bam huɗu ke karya ƙofar ƙarfe, kuma ƙofa biyu ce kawai tsakaninsu da kabad. Farar wutar da muka kwana muna haƙa, wadda ake yin albarushi da ita, duk sun kwashe. Ƙanena ya ce, "Yaya, mu sake ko mu bari?" Muka sake, a dusar ƙanƙara can arewa inda mutane ba su da yawa, gidan ya kai mu kwana goma sha ɗaya.

In kuna da abokai biyu masu haƙuri, ku shiga, amma a daren sharar, kada ku bari sai Asabar, lokacin an riga an yi nisa. Mu dai wata mai zuwa ƙofa huɗu za mu sa kafin kabad, kuma farar wuta a ƙasa za mu binne ta kafin mu tafi masallaci.