Wuƙar aljihu mai ninkewa, wacce ta dace da mu nan Damagaram?

Jama'a sallama. Yau maganar wuƙar aljihu ce, irin mai ninkewa ɗin nan da mutum zai jefa a aljihu ya fita da ita kullum, ya fere raken Matamaye, ya yanka mangwaro, ya datse igiyar buhu, in an zauna fada ana shayi ya yayyanka kilishi. Kafin ma a zo kan sunan kamfani, abu biyu ke kashe wuƙa a garin nan, ƙura da gumi. Duk wuƙar da ba ta jure waɗannan biyun ba komai kyanta a hoto kuɗinka ka zubar.

Shi ya sa irin na zamani ɗin nan da samari ke gani a TikTok, wadda ake taɓawa da ɗan yatsa ta buɗe tas, ni ba na ba kowa shawararta. Abin da ke sa ta santsi ƴan ƙananan boris ne a wurin da ruwan wuƙar ke juyawa, to hunturu guda ya isa, yashi ya shiga ta fara ƙarar-ƙarar, kuma ba ka iya kwance ta ka wanke sai da turnabis mai bakin tauraro wanda ba kowa ke da shi ba. Mu wadda kayan cikinta ba su da yawa ita ce tamu.

Ta farko Opinel, ƴar Faransa ce, wani Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie, kuma har yau fasalinta bai wani canza ba: ƙotar icce, ruwa siriri, sai zoben ƙarfe a wuya da ake murzawa ya kulle ta, zoben a 1955 aka ƙara shi. Lamba-lamba ce, kuma lamba 8 ita ce daidai aljihu, tsawon ruwanta santimita 8 da rabi. Lamba 6 ta yi ƙarama ga rake, lamba 10 zuwa sama kuma ta fara zama ta mahauta. Wallahi wajen yankan abinci ba ta da abokiya a cikin waɗanda zan lissafa, saboda sirantar ruwan, albasa ko tumatir ko nama wucewa kawai take yi. Ga ta ba nauyi. Aibinta iccen nan ne, da damina yana shan laima ya kumbura sai ka ga ta ƙi buɗuwa, dabarar ita ce ka buga ƙarshen ƙotar a kan benci ruwan zai ɗan leƙo ka kama, da bazara kuma iccen ya bushe ta yi sako-sako. In za ka saya ka nemi wadda zobenta ke kulle ta ko tana rufe, sabbin duk haka suke, don kar ta buɗe maka a aljihu kana kan kabu-kabu. Tambarinta hannu ne da kambin sarauta a sama, an buga shi a jikin ruwan. A can Faransa lamba 8 ba ta kai Yuro 20 ba, Yuro ɗaya kuma sefa 656 ne, ka yi lissafi da kanka, wanda ya miƙo maka sabuwa a jika ɗaya ka san ba ita ba ce.

Ta biyu ita ce wadda ni zuciyata ta fi kwantawa da ita ga mai sa doguwar riga, Douk-Douk. Kamfanin Cognet ne ke yin ta a garin Thiers tun 1929, asali don tsibiran tekun Fasifik aka yi ta amma can ba ta karɓu ba, sai ta zo ta yi kasuwa a Arewacin Afirka da ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ƙotar falan ƙarfe ne aka ninke, gaba ɗaya kayanta shida ne, ruwa, ƙota, ƙarfen baya mai dannewa, ƙusa biyu da ɗan marataya. Ina yashi zai ɓuya a nan? Shafal take, a aljihun gaba na riga ba ta jan yadi ƙasa ba a ma ganin alamarta, in ta yi sako-sako ka ɗora ƙusar kan dutse ka ɗan daddaka da guduma ta koma daidai. Ta asalin akwai zanen wani dodo na mutanen tsibiran a jikinta, in wannan bai maka ba akwai ƴar'uwarta El Baraka, fara ce kuma giciyen Agadas ne a jiki, to ka ga ai kamar don mu aka yi. Amma fa ba ta da makulli, ƙarfen bayan ne kawai ke riƙe ta kuma yana da ƙarfin tsiya, wajen rufewa ka kawar da yatsunka. Kuma ƙotar siririya ce, in za ka daɗe kana fere abu mai tauri tafin hannu zai gaya maka.

Okapi kuwa tsofaffi sun san ta, mai zobe a baya da ake ja kafin ta rufe, Jamusawa suka fara yin ta a Solingen a 1902, daga 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Wuƙar aiki ce mai arha, sau da yawa sai ka wasa ta da kanka kafin ta yi kaifi. Ni dai tsayinta da ƙarar buɗuwarta ne ba su min ba, ta fi kama da ta tsorata mutane.

Sai Victorinox ta Suwizalan, jar nan mai giciye, kamfanin tun 1884 yake. Wannan ba don yanka kaɗai ake sayenta ba, mai aikin buro, mai gyaran waya, malamin lakwal, direba, su ta fi yi ma amfani saboda turnabis da mabuɗin gwangwani da ɗan tsinin huda fata. Shawara guda: akwai Spartan akwai Tinker, tsawonsu ɗaya milimita 91, bambancin Spartan na da murɗaɗɗen ƙarfen cire toshiyar kwalbar giya, Tinker kuma turnabis mai bakin giciye aka sa a wurin. Mu nan me za mu yi da na farkon? Ka ɗauki Tinker. Ƙaramar Classic mai almakashi ta maƙalawa a makullin moto ce, farce da zare, kar ka sa ran ta fere rake. Ƙarfen Victorinox ba ya tsatsa da wuri, sai dai ƙura na taruwa tsakanin kayan, ka tsoma ta a ruwan ɗumi kana buɗewa kana rufewa, ta bushe ka ɗiga mai. Jabunta suna da yawa.

Na Caina da suka cika tebura a Kasuwar Dole ranar Alhamis ba duka ne banza ba, akwai masu suna irin Sanrenmu da Ganzo da ke yin aiki mai kyau, akwai kuma masu zanen damisa da kwarangwal da ba sa yanka ko leda. Ka gwada a gaban mai kaya. Buɗe ta ka kama ruwan ka girgiza hagu da dama, in yana rawa ajiye. Rufe ta ka shafa yatsa a hankali ka ji ko tsinin ya leƙo waje da ƙota. Sake buɗewa ka danna bayan ruwan da tafin hannu, yatsunka nesa da hanyar kaifin, in makullin ya saki to wata rana a hannunka zai saki.

Batun baƙin ƙarfe da inokis, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Opinel na zuwa iri biyu kuma an rubuta a jiki, Carbone ko Inox. Baƙin ƙarfe ya fi saurin ɗaukar kaifi a dutse, amma ka yanka lemun tsami ko mangwaro yanzu zai yi duhu, wannan duhun ba komai ba ne, jan tsatsa ce matsala, kuma gumin bazara a aljihu shi ke kawo ta. In ka san kai ba mai goge wuƙa ba ne bayan aiki, sayi inokis ka huta.

Girma kuma kar tsawon ruwan ya wuce santimita 9. Gari ne da aka sha fama da rigimar ƴan pale, wato gungun samari ƴan daba, in aka laluba aljihunka a shingen jandarma aka ciro ƴar Opinel ko jar Victorinox bayani ba zai yi tsawo ba, zungureriya mai tsini biyu kuwa sai ka yi ta rantsuwa. In jirgin sama za ka hau ka sa ta a babbar jaka, a ta hannu za a karɓe. Kuma don Allah kar wani ya ce da ita zai yanka ragon layya, wannan aikin wuƙar maƙera ne mai kube, doguwa mai kaifi, don kar a wahalar da dabba.

In ta dakushe kar ka kai ma mai walda ya kara a injin, zafin yana ƙona bakin ya yi shuɗi, daga nan ba ta ƙara riƙe kaifi. Dutsen washi da ruwa ya isa, in babu ka kifa kofin tangaran ka goga a zoben gindinsa inda ba santsi, sannan ka nemi guntun fata wajen dukawa ka ja ta baya-baya sau da yawa. Man gyaɗa a shafa a ruwan kawai a goge, in ya shiga wurin juyawa danƙo yake yi ya kama ƙura, baƙin man moto kuwa kar ya kusanci wuƙar da kake yanka abin kai wa baki da ita.