Mai gyaran da ya ceto agogunan wasanmu a Sabon Gari

'Yan ches da Scrabble na Samaru, in batir ya zube a cikin agogonku kada ku yi saurin jefarwa. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari, shi na kai wa namu, kuma na gamsu.

Agogunan ƙungiyarmu, masu ƙidaya lokacin kowane ɗan wasa, DGT 2010 ne, na wani kamfani na ƙasar Holan, masu cin batir AA biyu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, ɗalibai suka watse, agogunan suka kwana a akwati da batir a ciki, suka sha zafin bazara suka sha laimar damina. Da aka buɗe su, farin gari ya daskare a kan sifirin ɗin da ke riƙe batir, ƙarfen ya koma kore.

Baba bai taɓa ganin irin agogon ba, har ya tambaye ni ko na liman ne. Amma ciwon ya san shi sarai. "Ɗana, batir in ya mutu ba ya zama lafiya," in ji shi. Iska ce ke taruwa a cikinsa har ta fasa bakin, ruwan ya tsiyayo ya ci ƙarfe. Ruwan batirin alkalin ɗan uwan kanwa ne, shi ya sa tsami ke kashe shi. Ya ɗiga lemon tsami a auduga ya dangwala, wurin ya yi ta kumfa, ya kankare da tsohon buroshin haƙori, ya goge da sifirit, ya bar shi ya bushe sosai kafin ya sa sabon batir. Sifirin ɗin da ya ruɓe kuwa ya ciro wani daga mataccen rimot ya liƙa da dalma. Ya hana ni taɓa garin da hannu, wai sai na manta na murza ido.

Ɗaya bai tashi ba, ruwan ya kai fanel, wato allon lantarkin da ke cikinsa. Ya faɗa min gaskiya, bai karɓi ko sisi a kansa ba.

Aibinsa ɗaya: in ya ce jibi, ka ƙara kwana biyu.

Yanzu da an tashi gasa muke zare batir, mu ƙulle a leda daban, kuma ba ma haɗa sabo da tsoho. Mai zuwa ya tafi da sabon batirinsa, Baba ba ya sayarwa.