Gandun daji ko kiwon kifi: wanne za ka karanta a Ɗanfodiyo?

A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, fannonin nan biyu duk a tsangayar aikin gona suke, amma inda suke kai mutum ya bambanta.

Mai karanta kiwon kifi yana iya tsayawa da ƙafarsa da wuri. Zai koyi ƙyanƙyasar tarwaɗa da karfasa, da haɗa abincinsu, da kula da ruwa irin na madatsar Goronyo da tafkin Kware. Ko bai samu aikin gwamnati ba, sai ya gina kududdufinsa a gida, in yana da jari, don abincin kifi akwai tsada.

Shi kuwa gandun daji sai mai haƙuri. Yawancin aikinsa na ma'aikatu ne da ƙungiyoyin raya ƙasa, kamar shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi na dasa itatuwa don tare hamada, wanda Sakkwato ke cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma je ka Illela ko Gada ka ga yadda rairayi ke cin gona, ga masu gawayi suna ta sara. Ana neman wanda ya san renon dashen dakwara da bagaruwa, ya san yadda zai shawo kan manomi ya bar gawo a gonarsa. Ni dai nan zan tura ƙanena, ko da samun zai yi jinkiri.