Lithium ko batirin dalma: wanne za a haɗa wa injin kwale-kwale na lantarki?

Malam, ɗauki lithium, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4, mai 12V da 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka). Ka ce injin 55 lb ne (lb ɗin shi ne ma'aunin ƙarfin turin injin) za ka ɗora wa kwale-kwalenka a tafkin Tabalak na jihar Tawa a Nijar, kuma hankalinka ya rabu tsakanin wannan batir da na dalma. To lissafin ba mai tsawo ba ne.

Injin 55 lb idan ka murɗa shi har ƙarshe yana shan wuta kusan 50A. Lithium mai 100Ah zai riƙe maka shi kusan awa biyu a wannan gudun, kuma ƙarfinsa bai raguwa sai dab da ƙarewa. Amma wa ke kamun kifi da cikakken gudu? A tafiyar da ake zuba taru ko duba mamari, inda injin ke jan 20A ko ƙasa da haka, za ka samu awa huɗu zuwa biyar. Ka fita da asuba, ka zagaya ƙugiyoyinka ba ƙara ba hayaƙi, karfasa da tarwaɗa ba su watse ba, ka dawo da hantsi da sauran wuta. Nauyinsa kilo 11 zuwa 13 ne, yaro ma zai ɗauko shi daga bakin ruwa ya aza a babur a kai gida caji. Caji dubu biyu ko fiye yake ɗauka kafin ya fara gajiya. Tsada kam yana da ita, ba na musu, amma sau ɗaya za ka yi kukan.

Na dalma, ko jel ne ko mai ruwa, araharsa ce kaɗai abin yabo. Kilo 30 ne, rabin wutarsa kawai aka yarda ka sha, kuma zafin watan Afrilu a Tawa yana cinye masa kwana. Batirin mota ko na babbar mota kuwa kada ma ka soma. An yi shi ne don tayar da inji na daƙiƙa kaɗan, idan kana zuƙe shi kullum ba zai kai ka wata damina ba.

Abin da ke kashe lithium a hannun mutane ba batirin ba ne, haɗin ne. A cikinsa akwai wani allo mai tsaro da ake kira BMS. Duba takarda ka tabbatar yana ɗaukar 100A ba tsayawa. Mai 50A zai yanke maka wuta a tsakiyar ruwa daidai lokacin da iska ta taso ka buɗe inji. Tsakanin kan batir mai alamar + da wayar inji ka sa fiyus na 60A, kusa da batirin, kada ya wuce taƙi ɗaya. Idan wayar da ta zo da injin ba ta kai ba, ƙara da ta jan ƙarfe mai 10 mm², in tazarar ta haura mita uku ka sa mai 16 mm². Siririyar wayar gida za ta yi zafi, inji ya rasa ƙarfi, ka ɗora wa batir laifi. Ɗaure kawunan da noti, ka bar maƙalen nan masu kama da bakin kada, tartsatsi suke yi. Kuma kada ka daɗe a gudu na ƙarshe, domin lithium yana riƙe ƙarfin volt sama da na dalma, gawayin da ke kai wuta cikin injin yana saurin cinyewa.

Caji: caja ta lithium mai kaiwa 14.4V zuwa 14.6V, ba ta masu cajin batirin mota ba. Mai 20A za ta cika shi cikin awa biyar idan wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, ta tsaya. In da sola ne, batirin na ɗauke da 1280Wh, faranti mai 200W kuwa abin da zai ba ka a yini bai cika wuce 1000Wh ba, ƙurar hunturu ma ta rage. Sa 300W da na'urar daidaita cajin sola da ake kira MPPT, mai saitin lithium, ka riƙa goge farantin. A inuwa ake caji, sama da digiri 45 ba ya so. Cikin jirgin ma ka sa shi a akwatin roba mai murfi, ka ɗaga shi daga ƙasa da katako, ka yafa buhu a kai.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Waɗannan injina an yi su ne don jirgi mai faffaɗan baya, namu kuwa tsini ne gaba da baya. Sai kafinta ya gicciya maka katako mai kauri kusa da baya, ya fito gefe kaɗan, a nan za ka matse injin. Farfela ta nutse kamar santimita 30, in ta yi sama sai ta riƙa shan iska tana kumfa. Duk sati ka kwance ta ka duba bayanta, zaren taru yana naɗewa a wurin ya yanka robar da ke hana ruwa shiga, daga nan inji ya tafi. Filafili da sandar tuƙi su zauna a jirgi kullum.

Yanzu maganar 'yan kasuwa, don a nan ake cutar mutane. Duk injin 12V da aka manna wa 86 lb ƙarya ce, wannan ƙarfin sai 24V, wato batir biyu. Batir kuma ka sa a ɗora shi a sikeli gabanka. In an ce lithium 100Ah ne ya yi kilo 6, babu wutar a ciki. In ya yi kilo 25, dalma ce aka sauya wa riga. Akwai kuma tsofaffin da aka ciro daga eriyar waya aka wanke aka sake musu takarda. Yi sharaɗin mayarwa kafin ka biya, ka cika shi a gida, ka haɗa masa ƙwan fitilar mota mai 55W. Na gaskiya zai haska awa ashirin ko fiye. In ya mutu a awa goma, mayar masa da kayansa ka karɓi kuɗinka.